Tiyar Jega da Tiyar Maiyama

Duk wanda ya saba sayen hatsi a kasuwannin yankin Jega da Maiyama ya san kalmar tiya ɗaya ce, amma abin da ke shiga buhu ba ɗaya ba ne. Wani mai awo ya tula har gero ya zubo, wani ya shafe baki, wani ya kara hannu a gefen kwano, wani kuma sai ya gama ya ɗora gyara. Mutum ya auni tiya goma a Jega, ya auni goma a Maiyama, ya koma gida Jandutsi ya zuba, sai ya ga wani tulin ya fi wani. Babu wanda ya cuce shi. Kowace kasuwa da al'adar awonta. Shi ya sa fatake ba su fara ciniki sai sun tambaya da wace tiya za a auna, kuma wa zai riƙe ta.

Wannan tambaya ta fatake ita ce babban aikin mutumin da aka ɗora wa jagorancin bincike a garuruwa da yawa lokaci guda, musamman bincike a kan tsofaffi da na'urorin zamani.

A Amurka akwai cibiya mai suna CREATE, wadda aka kafa a 1999 don nazarin yadda tsofaffi ke hulɗa da kwamfuta, intanet da makamantansu. Ba ta da gida ɗaya. Ta fara ne da jami'o'i uku, ta Mayami, ta Jihar Fulorida da cibiyar fasaha ta Jojiya, Farfesa Sara Czaja tana jan ragama. Abin da ya fi burge ni a aikinsu shi ne sun tsaya a kan jerin gwaje-gwaje da tambayoyi iri ɗaya a dukan wuraren. Da haka ne a 2006 suka fitar da sakamakon mutum 1,204, daga mai shekara 18 zuwa mai 91, suka nuna cewa fargabar taɓa kwamfuta na cikin manyan abubuwan da ke hana mutum amfani da ita, ba yawan shekaru kaɗai ba. Da kowace jami'a ta yi nata awon, da ba a iya haɗa mutanen nan a lissafi ɗaya ba.

To mu dawo gida. A ce yau an tura ma'aikata Jega, Aliero da Maiyama su gano tsofaffi nawa ke amfani da waya. Ma'aikacin farko ya shiga gida ya gaida tsohuwa, ya ce, "Inna, kina da waya?" Ta ce tana da ita, ya rubuta e. Na biyu a wani gari ya ce, "Baba, kai kake dannawa da kanka?" Baba ya ce jikansa ke kira ya miƙo masa, sai ya rubuta a'a. Alhali Inna ma jikarta ke danna mata. Rayuwarsu iri ɗaya, amma takarda ta raba su, kuma daga wannan takarda wani zai tashi a Birnin Kebbi ko Abuja ya ce tsofaffin wancan gari sun fi na wannan wayewa.

Shekaru ma haka. Da yawa daga iyayenmu ba a rubuta ranar haihuwarsu ba, kuma abin da ke jikin katin ɗan ƙasa sau da yawa ƙiyasi ne da aka yi a bakin tebur. Mai bincike na gari yakan bi ta abubuwan da ba a mantawa: ina kake lokacin da aka kashe Sardauna a 1966? Kin yi aure kafin a canza fam zuwa naira a 1973? Hanya ce mai kyau, amma sai idan dukan ma'aikata suna riƙe da jerin abubuwa guda. In ba haka ba, ɗan shekara sittin a Aliero ya zama ɗan saba'in a Maiyama. Har awon hawan jini, na wanda ya huta a zaune ba zai zo daidai da na wanda ya sauko daga babur yanzu ba.

Shugaban irin wannan aiki ba ya cika aikinsa daga ofis. Sai ya tara ma'aikata wuri ɗaya ya horar da su, a sasanta kowace tambaya da Hausar da tsohuwa za ta gane, a samu mata ma'aikata da za su shiga cikin gida, a nemi izinin hakimi da mai unguwa. Bayan wata ɗaya ya bi sawu ya zauna ya saurari yadda ake tambaya, domin hannu yakan koma ga abin da ya saba. Akwai kuma adalci, wanda ni a wurina ya fi kome wuya: wanda ya sha rana a ƙauye yana tattara bayani ya ga sunansa a rahoto, kasonsa na kuɗin aiki ya iso a kan lokaci, kamar na wanda ke zaune a jami'a.

Ba don ado nake wannan magana ba. A farkon 2023, da aka sauya takardun naira 200, 500 da 1,000, kuɗi suka ɓace a hannu, mun ga dattawa a layin masu POS suna miƙa kati tare da lambar sirri ga yaron da ba su sani ba. Mun san manomin da fartanya ta cinye zanen yatsunsa har na'ura ta ƙi gane shi. Fansho, tallafi da asusun banki duk sun koma cikin waya, kuma waɗanda suka fi buƙatarsu su ne idonsu ya fi rauni a kan ƙananan haruffa. Gwamnatin tarayya ta buɗe Cibiyar Tsofaffi ta Ƙasa a 2021, amma ba za ta tsara wa Jandutsi abin da ya dace ba sai da bayani sahihi daga Jandutsi.

Kayan aikin suna kusa. Aliero na da jami'ar kimiyya da fasaha tun 2006, Jega na da kwalejin horar da ma'aikatan lafiya, Maiyama na da ƙauyuka cike da dattawa masu abin faɗa. Ina kira ga malaman waɗannan makarantu su haɗa kai su fara wannan bincike, su zaɓi mutum ɗaya mai haƙuri ya jagoranta, kuma idan an gama a koma ƙofar gidajen tsofaffin a gaya musu abin da aka gano.