Rabon da Ba a Gani Ba

Ya kai mai karatu, ka taɓa tsayawa wurin rabon iri? Buhu goma, magidanta ɗari. Dole wani ya samu, wani ya rasa. To, irin wannan rabo ana yin sa har a jami'a, wato makaranta ta ƙoli, kamar wadda aka kafa a Maraɗi a 2010.

Malamin jami'a ba ya cika sai ya yi doktora. Bincike ne na shekara 3 ko fiye, kuma yana cin kuɗi: littattafai, kayan awo, tafiye-tafiye. Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa, sai da ya je Faransa ya yi tasa, sannan ya dawo yana binciken ƙarfin rana.

A ce ga malamai biyu. Na farko an ba shi kuɗin karatu, an rage masa aiki. Na biyu yana koyarwa safe da yamma, yana ci da iyali, yana biyan bincikensa daga albashi. Na farko ya gama, ya sami girma. Na biyu ya gaji, ya bari. Sai mutane su ce: "Wancan ya fi ƙwazo." Shin gaskiya ne? Mai kaya a ka ba ya tsere da mai hannu sake.

Kana iya cewa: "Ina ruwana, ni manomi?" Da ruwanka. Buhun nan mai ruɓi uku da ke hana wake ƙwari ba da magani ba, masu bincike ne suka gwada shi, har da na INRAN a Maraɗi. Malamin da ya bar bincikensa, watakila shi ne zai gano maganin tsutsar hatsi a gonakin Agiye, Gazawa da Gidan Rumji.

To, yaya za a yi? A raba daidai wa daida? In an gutsuttsura kuɗin, ba wanda zai kai ƙarshe. Ba rashin samu ke ɓata rai ba, rashin sanin dalili ne. A ganina adalci yana son abu uku. A faɗi ƙa'ida a fili tun kafin rabo. A duba ingancin aiki da nauyin da ke kan mutum, ba wanda ya sani ba. Wanda ya rasa bana kuma, a gaya masa dalili, ya san layinsa baɗi. Wanda ya samu, bashi ne a kansa, domin kuɗin na talakawa ne.

Kai ma wata rana za a damƙa maka rabo, ko na taki ko na bashin ƙungiya. Yanzu ka iya rubutu. Rubuta ƙa'ida, ka karanta wa jama'a, sannan ka kwance bakin buhu.