Ɗan Maƙiyi Ma Ɗa Ne?

Daren Juma'a, 1 ga Satumba 2023, 'yan bindiga suka shiga Saya-Saya, a ƙaramar hukumar Ikara, suka buɗe wuta a kan masu sallar isha'i. Mutum bakwai suka rasu. Mutanen Janfalan da sauran gundumomin Ikara, da maƙwabtansu na Makarfi da Kudan, sun daɗe suna jin irin wannan labari daga Giwa da Birnin Gwari. Ranar nan sai ga shi a ƙofar gida. Jaridu suka ƙirga mamata suka wuce. Yaran da aka mayar marayu a daren, su ba a cika sa su cikin lissafi ba.

Ba ta wannan hanyar kaɗai rikicin ke cin yara ba. A Disambar 2020 aka kwashe 'yan makarantar Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida. A Fabrairun 2021 aka tasa 'yan mata 279 daga Jangebe. A Tegina kuwa, ƙananan 'yan Islamiyyar Salihu Tanko sun yi kusan wata uku a daji, kuma ba duka suka dawo da rai ba. A Kuriga, nan jihar Kaduna, ranar 7 ga Maris 2024 aka kora ɗalibai cikin jeji da safe, sai bayan fiye da mako biyu aka dawo da 137. A Tudun Biri kuma, ranar 3 ga Disamba 2023, jirgin soja marar matuƙi ne ya saki bam a kan masu Maulidi, kuma rundunar soja ta amsa cewa kuskure ne. Mutum aƙalla 85 suka mutu, da yawansu mata da yara.

Waɗannan yara babu mai musun haƙƙinsu. Liman ya yi musu addu'a, fasto ya yi, kowa ya zubar da hawaye. Inda magana ke sarƙewa shi ne idan aka zo kan wani yaron: ɗan shekara 13 da aka gani rataye da bindiga a bayan babur, ko wanda ke kai wa 'yan daji burodi da fetur, ko jaririn da ke goye a rugar da ake zargin ta ɓoye ɓarayi. Shi ma yana da wannan haƙƙin? A majalisa, wanda aka kashe wa uba ko ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa yakan ba da amsa da karin magana: barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A bar shi yau, gobe shi ne kachalla.

Ba a raina zafin mai wannan magana. Amma addinin da yake bi ya riga ya yanke hukunci, kuma ba a gefensa ya yanke ba.

Buhari ya kawo labarin Khubaib bin Adi, sahabin da aka yaudara aka kama, aka sayar da shi a Makka ga iyalan Harisu bin Amir, wanda aka kashe a Badar. Sun sayo shi ne don su kashe shi, kuma ya san haka. Da ranar ta matso, sai ya ari aska wurin wata mace ta gidan don ya yi tsafta. Hankalinta ya ɗauke, ɗanta ƙarami ya rarrafa ya isa wurin fursunan. Ta waiwayo ta ga yaron zaune a cinyarsa, ga aska a hannunsa. Ta firgita har ya gani a fuskarta. Khubaib ya kwantar mata da hankali, ya nuna mata cewa shi ba zai aikata haka ba. Ga ɗan masu shirin kashe shi, ga makami, ga damar yin garkuwa ko ramuwa, ya saki yaron ya koma wurin uwarsa. Bayan haka suka fitar da shi Tan'im suka kashe shi.

Abin da Khubaib ya yi ba halin kirkinsa kaɗai ba ne, koyarwa ce ya bi. An ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa an tsinci gawar wata mace a wani yaƙi, sai Annabi (SAW) ya hana kashe mata da yara. Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda malaman Zazzau ke karantarwa a zaure, ta kawo wasiyyar Sayyidina Abubakar ga Yazidu bin Abi Sufyan lokacin da ya tura shi Sham, kuma yaro na cikin waɗanda ya hana a taɓa. Abin lura a nan, duk wannan hani a kan 'ya'yan abokan gaba aka yi shi, domin babu mayaƙin da sai an gargaɗe shi kafin ya ƙyale ɗan cikinsa. Alƙur'ani kuma ya maimaita a surori da dama, daga An'am zuwa Najm, cewa ba a ɗora wa wani rai nauyin zunubin wani.

Tarihi ma bai goyi bayan karin maganar barewa ba. Ikrima ɗan Abu Jahal ne. Khalid ɗan Walidu bin Mugira ne. Da an yi musu hukunci da laifin iyayensu, da Musulunci ya rasa biyu daga cikin manyan jarumansa.

Saura yaron da ya riga ya ɗauki bindiga. A nan fiƙihu bai rufe ido ga gaskiya ba: wanda ya auko wa gari da makami, ana kare kai daga gare shi ko shekarunsa nawa. Amma da zarar an kama shi, an karɓe makamin, hukunci ya sauya. Risala ta Ibn Abi Zaid, da kusan kowane almajirin ilimi a ƙasar Hausa ya biya, ta ɗauki gangancin yaro a matsayin kuskure, saboda haka babu ƙisasi a kansa, sai diyya. Dalili shi ne alƙalami bai hau kansa ba tukuna. Laifin yana wuyan babban da ya ɗora masa bindigar, ya ba shi ƙwaya, ya tura shi gaba. Shi kansa Abdullahi ɗan Umar an mayar da shi gida ranar Uhudu yana da shekara 14, sai a Khandaƙ, yana da 15, aka karɓe shi, kuma Umar bin Abdul'aziz ya mayar da wannan iyaka doka ga gwamnoninsa. Yarjejeniyar Roma ta 1998, wadda ta kafa Kotun Duniya ta Manyan Laifuka, ita ma a 15 ta tsaya: sa yaron da bai kai haka ba cikin yaƙi laifin yaƙi ne.

Arewa maso gabas ta riga ta gwada wannan a aikace. 'Yan ƙato-da-gora na Borno sun sa hannu a wata yarjejeniya da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2017, kuma a Mayun 2019 kaɗai suka sallami yara 894 daga cikin sahunsu. A Satumbar 2022 gwamnatin tarayya ta amince cewa duk yaron da sojoji suka kama a fagen daga za a miƙa shi ga hukumomin farar hula cikin kwana bakwai. Da yawa daga irin waɗannan yara sun bi ta cibiyar Bulumkutu a Maiduguri kafin a mayar da su hannun dangi. Abin da ya fi wuya shi ne bayan an mayar da su: maƙwabcin da ya hana ɗansa wasa da su, da malamin da ya ce ba shi da gurbi.

Wannan ɓangaren kuwa ba na Abuja ba ne, na unguwa ne. Hausawa sun ce ɗa na kowa ne, malamai kuma sun ce renon yaron da ba shi da mai riƙo farali ne na kifaya: in babu wanda ya yi, duk garin ya ɗauki alhaki. A yankin da ake noma masara da rake da tumatir kamar Ikara da Makarfi da Kudan, zakkar hatsi ta gunduma guda za ta iya ɗaukar cin marayunta da kuɗin makarantarsu, in an tattara ta a hannun amintattu maimakon a raba ta mudu-mudu a ƙofar gida. Jihar Kaduna na da dokar kare yara tun 2018. Abin da dokar da Risala suka haɗu a kai shi ne daren da 'yan sa-kai suka riƙe wani yaro a bakin kasuwa, jama'a na ihu: mai unguwa da liman su shiga tsakani, a kai shi ofishin 'yan sanda da ransa, a nemo wanda ya aiko shi.