GIDAN HAYA A ƘASAR WAJE AMANA NE

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa matasa, an kawo mana tambaya a kan wani abu da ya shigo. Samari biyar ko shida sai su haɗa kuɗi, su kama hayar gida guda a Dubai na kwana bakwai ko goma, su ce sun tafi hutu. Shin ya halatta? To, tafiya halal ce, hutu ma halal ne, matuƙar da kuɗin halal aka je, kuma ba a bar iyaye ko iyali da yunwa ba. Amma ka sani, ɗan'uwa, mala'ikun da ke rubuta aikinka ba sa neman biza. Tare za ku sauka. Saboda haka ga abin da za ku kiyaye.

Na farko, shugaba. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya yi umurni in mutum uku suka fita tafiya su naɗa ɗayansu shugaba. Ba wanda ya fi zuba kuɗi za ku zaɓa ba, a'a, wanda ya fi tsoron Allah da haƙuri. Shi zai riƙe makulli, shi zai tashe ku Asuba.

Na biyu, alƙibla. Mu a nan mun saba cewa “fuskanci gabas”, don Makka gabas take da mu. To, daga Dubai Makka yamma take. Wanda ya shimfiɗa darduma ya dubi gabas, wallahi ya ba Ka'aba baya! Kafin ku buɗe jaka ku tambayi alƙibla, ku gyara agogo, don sun riga Nijeriya da awa 3.

Na uku, ƙasaru. Allah Ya yi rangwamen rage salla ga matafiyi a Suratun Nisa'i, aya ta 101. Azahar da La'asar da Lisha su ake mayarwa raka'a biyu, ban da Magariba da Asuba. Amma a wajen Imamu Malik, wanda ya yi niyyar zama kwana 4 cikakku a wuri ya zama mazauni, sai ya cika salla. Imamu Abu Hanifa ya ce kwana 15. Ku da kuka biya hayar kwana bakwai tun kuna gida, niyyarku a fili take. Ku san maganar da kuke bi da hujjarta tun kafin ku tashi. Kuma ƙasaru ragewa ce, ba bari ba. Ba a kwana yawon kasuwa sannan a yi Asuba da hantsi.

Na huɗu, gidan kansa. Takardar da kuka amince da ita alkawari ce, kuma aya ta farko a Suratul Ma'ida cika alkawari ta umurta. In mai gida ya ce mutum shida, kada ku shigo da na bakwai a ɓoye. In ya hana shan taba da hayaniyar dare, ku bari. Ka fasa kofi? Faɗa ka biya, kada ka tura shi bayan kujera. Wani zai ce, “Ai Malam mai gidan ba Musulmi ba ne.” Subhanallahi! Da Annabi (S.A.W.) zai yi hijira a shekarar 622, ai Aliyu (R.A.) ya bari a Makka don ya mayar wa mutane ajiyarsu, alhali mutanen garin ne ke neman ransa. Ɓarnar da za ku bari a gidan nan, ɗan ƙasarku da zai zo neman haya bayanku shi zai sha kunyarta.

Na biyar, kuɗi. A cikin Buhari da Muslim an yabi Ash'arawa, waɗanda in guzuri ya ƙaranta sai su tara abin da ya rage wuri ɗaya su raba daidai. Ku yi koyi da su. A rubuta kowane kwabo, a karanta gaban kowa. Kada mai hali ya ja marar hali cin bashi don a ɗauki hoto a nuna wa mutanen unguwa. Suratul Isra'i, aya ta 27, ta sa almubazzarai cikin 'yan'uwan shaiɗanu.

Na shida, ƙofa. A nan ne Shaiɗan ke jira, yana raɗa maka cewa babu wanda ya san ka. Ranar da wani ya shigo da giya ko macen da ba muharramarsa ba, ku hana shi. In ya ƙi, kai ka fita, ko da kuɗinka zai salwanta. Asarar dirhami ta fi asarar imani sauƙi.

Magabata sun ɗauki tafiya ma'aunin halin mutum. Ka dawo abokanka suna shaidarka da alheri. Allah Ya kiyashe mu, Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku da addininku. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.