AUREN DOLE DA LITTATTAFAN DA AKA NESANTA DAGA MAKARANTU

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi na Dogon Dutsi da Tibiri da sauran ƙasar Arewa, da yawanmu mun san littattafan Hausa da suke ƙetaro iyaka daga Kano, ƴaƴanmu mata suna karantawa a ɓoye. Daga cikinsu akwai biyu na Balaraba Ramat Yakubu waɗanda suka fito a 1990. Wa Zai Auri Jahila? labarin yarinya ne da aka cire daga makaranta aka aurar wa tsoho ba da sonta ba. Alhaki Kuykuyo Ne kuwa labarin mata ne da miji ya kora tare da ƴaƴanta saboda amarya.

An daɗe ana nesanta irin waɗannan littattafai daga ɗalibai. Wasu malamai suka ce rubutun kasuwa ne, ba a tace shi ba. Iyaye suka ce suna koya wa yara soyayya da fitsara. Har a 2007 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ƙona wasu littattafan soyayya a wata makarantar ƴanmata a Kano. Ba mu musun cewa akwai na banza a cikinsu, kuma tsare tarbiyya wajibi ne. To amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai dalilin da ba mu son faɗa: wasunsu sun tona zaluncin da ake yi cikin gidajenmu da sunan aure.

Shin Musulunci ya ɓoye wannan magana? Buhari ya ruwaito cewa Hansa'u ƴar Hizamu, bazawara, ubanta ya aurar da ita ba ta so, ta kai ƙara wurin Manzon Allah (SAW), ya warware auren. Matar Sabitu ɗan Ƙaisu ta mayar masa da gonar da ya ba ta sadaki, aka raba su. Malamanmu na Malikiyya da suka bai wa uba ikon aurar da budurwa, sun hana shi kai ta inda za ta cutu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma, a cikin Nurul Albab, ya zargi malaman da suke barin matansu da ƴaƴansu cikin jahilci.

Binciken da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na ƴanmata ana aurar da su kafin shekara 18. Nawa ne aka nemi yardarsu? Yarinyar da ba a koya wa hakkinta a makarantar allo ko Islamiyya ba, a littafin kasuwa za ta fara jin labarinsa, sai ta zaci addini ne ya danne ta.

Saboda haka muna kira ga limamai da malaman Islamiyya su karantar da babin aure gaba ɗayansa: biyayya da izini, sadaki da ciyarwa, saki da hul'i. Uba kuma ya shawarci ƴarsa kafin ya karɓi goro, domin za a tambaye shi ranar hisabi.

Allah Ya shiryi zuriyarmu, Ya tsare mu daga cin amanar waɗanda Ya damƙa mana. Amin.