Lauya da Cinikin Lokaci

Akwai bambanci tsakanin mai sayar da aikin hannunsa da mai sayar da lokacinsa. Maƙeri fartanya yake sayarwa. In ya kashe wutar maƙera da la'asar, sauran yinin nasa ne. To, me ke samun mutumin da hajarsa ita ce sa'o'in rayuwarsa? Babu inda ake ganin amsar ƙarara kamar manyan kamfanonin lauyoyi na Amurka.

A can, ana biyan kamfani gwargwadon awoyin da lauya ya ɓata a kan aikin mai shari'a, kuma an yanyanka kowace awa gida goma, wato minti shida-shida. Kamfanoni da dama na sa ran ƙaramin lauya ya kawo awa 2,000 ko kusa da haka a shekara, alhali ba duk zaman ofis ke shiga lissafi ba. Sannu a hankali sai ma'aunin ya bi shi gida. Hira da ɗansa ta zama hasara, zuwa jana'iza ya zama giɓi a littafin kamfani. Abin ban takaici, wanda ya ƙware har yake gama aiki da wuri, shi ne mai kawo kuɗi kaɗan.

Sakamakon bai ɓuya ba. A 1990 masana na Jami'ar Johns Hopkins suka gano cewa ciwon damuwa ya fi kama lauyoyi ninki 3.6 a kan sauran ma'aikata. A 2016 kuma, binciken Ƙungiyar Lauyoyin Amurka da Gidauniyar Hazelden Betty Ford a kan lauyoyi 12,825 ya nuna kashi 28 cikin ɗari na da alamun wannan ciwo, kimanin kashi 21 kuma shan giyarsu ya kai matsayin haɗari.

Sai dai yawan aiki ba shi kaɗai ba ne. Masanin halayyar ɗan'adam Martin Seligman ya lura cewa sana'ar lauya na saka wa mai mummunan zato. Lauyan kirki shi ne mai hango ta inda yarjejeniya za ta wargaje, da inda shaida zai yi ƙarya. Wannan basira ce a gaban alƙali, amma zuciya ba rigar kotu ba ce da za a tuɓe a rataye. Wanda ya wuni yana zargi, da wuya ya kwana da yarda.

Wani zai ce ai kwaɗayi mabuɗin wahala ne, su suka zaɓa. Akwai ƙanshin gaskiya a nan, domin binciken Lawrence Krieger da Kennon Sheldon na 2015 ya nuna lauyoyin da ke yi wa jama'a hidima a kan ƙaramin albashi sun fi na manyan kamfanoni kwanciyar rai. Amma a ganina hukuncin ya yi tsauri. Da yawansu sun fito jami'a da bashin karatu a wuya, kuma mai bashi zaɓinsa ƙalilan ne. Kamfanin da ya san ma'auninsa na cin mutane, ya ci gaba da awo da shi, ba zai wanke hannunsa da cewa babu wanda aka tilasta ba.

Binciken 2016 ya kuma tambaye su abin da ke hana su neman magani. Amsar da ta fi yawa ita ce tsoron kada a sani.