Shin Biza Alkawari Ce? Magana Kan Masu Tafiya Umra Da Niyyar Zama

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya rarraba arzikin bayinsa a cikin sassanta. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata tambaya da aka kawo mini ana saura kwanaki kaɗan a kama azumi. Wani magidanci cikin masu salla a masallacinmu nan Yamai ya tsaya bayan Isha'i har jama'a ta watse, sa'an nan ya matso ya ce: "Allah gafarta Malam, ƙanwata ce za ta tafi Umra, a sa ta cikin addu'a." Na taya shi murna, na tambaye shi yaushe za ta komo. Sai ya sunkuyar da kai. Ashe mijinta ya rasu ya bar ta da marayu huɗu, an sayar da filin gadonta an biya wani dillali, kuma shirin shi ne idan ta gama Umra ta shige cikin Jidda ta nemi aikatau. Ya ce: "Malam, ai ƙasar Allah ce, kuma ba sata za ta yi ba, guminta za ta ci. Ina laifi?"

Ban ba shi amsa a daren nan ba, domin maganarsa ba ta wofi ba ce. Lalle ƙasa ta Allah ce. Lalle kuma kakanninmu sun tafi Makka a ƙasa ba tare da fasfo ba, suna bi ta Chadi da Darfur har bakin Bahar Maliya, suna tsayawa su yi noma su sami guzuri, wasu su shekara biyar ko goma a hanya. Zuriyarsu tana nan a Sudan, kamar mutanen garin Mai Wurno da mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, tana nan kuma a Makka da Madina. To, idan su ba su yi laifi ba, me ya sa jikokinsu za su zama masu laifi don kawai an ƙirƙiro hatimi da tawada?

Amsa ita ce, ya ɗan'uwa mai karatu, tawada ce sabuwa, amma abin da take rubutawa tsoho ne. Fataken da suke zuwa Gwanja sayen goro ba su taɓa ratsa ƙasar wani sarki haka kawai ba. Madugu ne yake zuwa ya yi gaisuwa, a biya fito, a sauka a zango, kowane baƙo da mai masaukinsa wanda ya tsaya masa. Malaman fiƙihu suna kiran wannan amana, wanda aka bai wa kuwa suna kiransa musta'amin, wato wanda ya shiga ƙasar wasu bisa lamuninsu da sharaɗinsu. Biza ita ce wannan lamunin. Ka faɗi abin da zai kai ka, an yanke maka wa'adi, ka ba da hotonka da zanen yatsunka, suka buɗe maka ƙofa bisa abin da ka faɗa. Idan wannan ba alkawari ba ne, mene ne alkawari? Suratul Ma'ida da umurnin cika alkawura ta fara, Suratul Isra'i kuma ta sanar da mu cewa alkawari abin tambaya ne ranar Lahira.

Mai so ya ga nauyin abin, ya dubi ƙissar Huzaifa ɗan Yamani (RA) da ke cikin Sahihu Muslim. Ƙuraishawa sun tare shi da mahaifinsa a hanyar Madina, ba su sake su ba sai da suka ɗauki alkawarin ba za su yi yaƙi tare da Annabi (SAW) ba. Da suka iso suka ba shi labari, ga yaƙin Badar ya gabato a shekara ta 2 bayan Hijira, ga Musulmi ba su kai sulusin abokan gaba yawa ba, kowane hannu ana bukatarsa. Duk da haka ya umurce su da su koma su cika abin da suka ɗauka, ya nemi taimakon Allah a kan maƙiya. A mazhabarmu ma, Shehu Halilu ya lissafa cikin haramtattun abubuwa cewa kamamme ya ha'inci waɗanda suka kama shi idan sun amince masa da yardarsa. Wannan fa tsakanin Musulmi ne da masu yaƙarsa. Ina ga mutanen da suka karɓe ka a matsayin baƙon Ɗakin Allah?

Abin da ya fi damuna ma ba saɓawar ba ce, ƙulla ta tun daga gida. Wanda ya tafi da niyyar komowa, rashin lafiya ko ɓatan takarda ya tsare shi, yana da uzuri. Amma wanda ya ce Umra alhali zuciyarsa tana cewa aikatau, ya yi ƙarya tun a takardar neman biza, ya kuma mai da harami ya zama rigar shiga kasuwa. Ba banza ba ne hadisin niyya, wanda Imamu Buhari ya buɗe littafinsa da shi, ya buga misalinsa da masu ƙaura. Idan aka ce: to Umrarsa ta ɓaci ke nan? Sai mu ce a'a, idan rukunanta sun cika ta inganta, kamar yadda malamanmu suka ce wanda ya yi Hajji da dukiyar haram Hajjinsa ya inganta amma ya saɓa wa Allah. Inganci daban, karɓuwa daban. A 2024 majalisar manyan malaman Saudiyya ta yi fatawar cewa bai halatta a yi Hajji ba tare da izini ba. A Hajjin 2024 ɗin, cikin tsananin zafi, hukumomin ƙasar suka ce mutum 1,301 sun rasu, kashi 83 cikin ɗari nasu marasa izini ne, waɗanda ba su da tanti ko mota, suka yi ta tafiya a ƙasa cikin rana.

Sai kuma zaman kansa, wanda dillalai ba sa faɗi. A Saudiyya rayuwar baƙo duka tana rataye da katin zama, wanda mutanenmu ke kira igama, bizar Umra kuwa ba ta halatta aiki kuma ba ta zama igama. Wanda ba shi da ita, bizarsa kuma ta ƙare, ba ya buɗe asusu a banki, ba ya yankar layin waya da sunansa, ba ya kama haya sai a inuwar wani, yana tsoron asibiti kamar yadda yake tsoron ɗan sanda. Idan uwar ɗakinta ta hana ta albashin wata shida, wa za ta kai wa ƙara, alhali kai ƙarar shi ne miƙa kanta? Idan ta yi aure can ta haihu, ɗan ya tashi ba takardar can ba ta nan. A 2025 hukumomin ƙasar sun sanar da cewa wanda ya wuce wa'adin bizarsa yana iya fuskantar tarar da ta kai riyal 50,000, da ɗaurin wata shida, da kora. Da yawanmu mun san wani da ya kwana a gidan tarhil na Shumaisi, tsakanin Makka da Jidda, aka sauke shi a filin jirgin Diori Hamani da kayan jikinsa kaɗai. Shari'a ta hana mumini ya wulaƙanta kansa ta hanyar ɗaukar abin da ba zai iya ba.

Kada a fahimce ni a karkace. Ban ce duk wanda ya ƙetare iyaka ba takarda maci amana ba ne. Mutanen da suka gudo daga Damasak da kewaye zuwa Difa saboda Boko Haram ba su ɗauki alkawarin kowa ba, rai suka tserar, larura kuwa tana da hukuncinta. Haka ƴar aikin da ta shiga da bizar aiki, kafil ya ƙwace fasfonta, ya hana ta haƙƙinta ko ya nemi mutuncinta: idan ta gudu, shi ne ya warware alkawari ba ita ba. Dillalin da ya karɓi kuɗin filin marayu yana sane da abin da ke jiranta, zunubinsa ya ninka nata. Kuma mu kanmu ba mu kuɓuta ba. A unguwa ɗaya za ka sami bazawara ta sayar da gadonta don ta je wanke tukwanen wasu, ga maƙwabcinta yana shirin Umrarsa ta bakwai. Da kuɗin tafiya ɗaya cikin bakwai ɗin nan ya zama jari a hannunta, da ban rubuta wannan takarda ba.

Wanda ya ƙudura neman aiki a waje, ƙofar halal tana nan, ko da ta fi ƙunci da jinkiri. Ya yi fasfo da sunansa na gaskiya da shekarunsa na gaskiya, ya nemi bizar aiki, kada ya sa hannu a yarjejeniyar da ba a karanta masa ba. Ga ɗaliban madarasa nan ko'ina, a sa ɗaya ya fassara masa Larabcin kalma kalma: sunan kafil, garin da za a kai shi, irin aikin, albashi, da wanda zai biya kuɗin komowa. Ya bar kwafin takardunsa a gida, idan ya sauka ya sanar da ofishin jakadancin Nijar da ke Riyad ko ƙaramin ofishin da ke Jidda. Kafin ya tashi ya rubuta basussukan da ke kansa, ya naɗa wakili, ya bar wa iyali abin ci, domin Annabi (SAW) bai fita Hijira ba sai da ya bar Sayyidina Aliyu (RA) ya mayar wa mutanen Makka ajiyarsu. Mai Umra kuwa ya bi ta kamfanin da hukumar COHO ta amince da shi, ya komo cikin wa'adinsa.

Bayan kwana uku na kira magidancin nan. Ya ce biza ta riga ta fito, dillali kuma ba ya mai da kuɗi. Na ce masa: "Malam, ta tafi ta yi Umrarta da niyya ɗaya, ta komo tare da ayarinta. Fili ya tafi, kada uwar marayu ta bi shi. Na sani mazhabarmu ba ta sa alƙali ya tilasta wa ɗan'uwa ciyar da ƙanwarsa, amma zumunci bai tsaya inda alƙali ya tsaya ba. Kai ka kawo abin da za ka iya, ni kuma zan yi wa masu zakka na masallaci magana, ba tare da ambaton suna ba, a haɗa mata jari." Ya daɗe bai ce komai ba, sa'an nan ya ce zai gaya mata, amma bai san ko za ta ji ba, domin wata ƙawarta a Jidda ta riga ta samo mata gidan aiki.

Jirginsu ya tashi ranar 10 ga Ramadan. Abin da aka tara yana hannun ma'ajin masallaci, yaran huɗu kuma suna gidan kawunsu, ƙaramar tana zuwa makarantar allo a zaurenmu da yamma.