Yawon Shaƙatawa a Jirgin Ruwa a Ma'aunin Shari'a

Yawon shaƙatawa a jirgin ruwa tafiya ce da jirgin kansa shi ne masauki, shi ne wurin cin abinci, shi ne kuma wurin nishaɗi. Jirgin yakan kwana yana tafiya, ya wayi gari a wata tasha, fasinjoji su sauka su zaga gari, su koma kafin yamma. Mafi yawan tafiye-tafiyen sukan ɗauki kwana 3 zuwa 14. Tekun Karibiyan, inda ake tashi daga Miami a Amurka, da Bahar Rum, inda ake tashi daga Basalona da tashoshin Italiya, su ne manyan kasuwannin wannan sana'a. Jirgin Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a Janairun 2024, ya kai mita 365 a tsawo, yana kuma iya ɗaukar fasinjoji kusan 7,600. Jirgi irin wannan gari ne guda a kan ruwa, da kantuna da asibiti da wuraren iyo da mashaya da gidan caca. Daga nan tambayar addini take tasowa: ko ya halatta Musulmi ya kashe dukiyarsa da kwanakinsa a irin wannan tafiya, kuma da wane sharaɗi?

Asalin hukuncin hawan teku

Hawan teku a karan kansa halal ne. Alƙur'ani ya lissafa jirgin da ke gudana da amfanin mutane cikin ayoyin Allah a Suratul Baƙara aya ta 164, ya kuma ambaci hore teku a matsayin ni'ima a Suratun Nahl aya ta 14. Sahabban da suka yi hijira zuwa Habasha a shekarar 615 sun ƙetare Bahar Maliya ne a jirgi, kamar yadda alhazan ƙasar Hausa na zamanin tafiyar ƙasa suka riƙa ƙetarawa daga Sawakin zuwa Jidda. Sai dai magabata sun yi taka-tsantsan. Sayyidina Umar ya hana Mu'awiya kai rundunar Musulmi Ƙubrus ta teku don tsoron halaka jama'a, sai a zamanin Sayyidina Usman aka ba da izini, bisa sharaɗin kada a tilasta wa kowa.

Malikiyya sun tsara wannan taka-tsantsan a babin Hajji. A wurinsu teku daidai take da tudu, sai fa idan halaka ta fi rinjaye, ko kuma mutum ya san jiri da amai za su sa ya tozarta wani rukuni na salla. Idan an gindaya wa tafiyar farilla waɗannan sharuɗɗa biyu, tafiyar nishaɗi ta fi cancantar a gindaya mata su. Sharaɗin aminci ya samu a jiragen yau, domin tun bayan nutsewar Titanic a 1912 ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar kare rayuka a teku. Bayan kifewar Costa Concordia a gaɓar Italiya a Janairun 2012, inda mutum 32 suka rasu, an wajabta nuna wa fasinjoji wurin taruwa da yadda ake sa rigar ceto kafin jirgi ya tashi ko da zarar ya tashi. Halartar wannan atisaye yana cikin riƙo da sababi, kuma riƙo da sababi ba ya karo da tawakkali.

Niyya da matsayin hutu

Malamai sun kasa tafiya gida biyar gwargwadon manufarta: wajibi, mustahabbi, halal, makaruhi da haram. Tafiyar hutu tana iya faɗawa kowanne daga cikin huɗun ƙarshe. Wanda ya fita don ya huta daga gajiyar aiki, ya faranta wa iyalinsa, ya ga ƙasashe ya yi tunani a kan halitta, yana cikin halal, kyakkyawar niyya ma tana iya ɗaga shi zuwa lada. Wanda ya fita don a can babu idon sani, zai sha ya yi caca, tafiyarsa saɓo ce tun daga ƙofar gida. Suratul Ankabut aya ta 65 ta zargi mutanen da ke tsarkake addu'a idan suna cikin jirgi, su koma shirka da zarar sun taka tudu. Jirgin zamani ya kawo wata jarrabawar dabam: tsoron da ke tuna wa matafiyi Ubangijinsa ya gushe, sai wadata da shagala suka maye gurbinsa.

Wannan rabe-rabe yana da tasiri a kan rangwame. Malikiyya ba su yarje wa mai tafiyar saɓo ya yi ƙasaru ba, sun kuma karhanta shi ga wanda tafiyarsa wasa ce zalla, kamar mai farauta don nishaɗi kawai. Hanafiyya kuwa sun rataya ƙasaru a kan nisan tafiya, ba tare da duba manufarta ba. Saboda haka matafiyi yana bukatar ya gaya wa kansa gaskiya a kan abin da ya fitar da shi.

Salla a kan ruwa

Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, kamar yadda ya zo a hadisin Abu Huraira da ke cikin Muwaɗɗa. Salla a jirgi ana yin ta a tsaye, ana fuskantar alƙibla, idan jirgi ya juya mai salla ya juya. Zama ya halatta ne ga wanda igiyar ruwa ko jiri suka hana shi tsayuwa. Wannan shi ne ra'ayin jumhur, ko da yake Imam Abu Hanifa ya sauƙaƙa zama a jirgin da ke tafiya. Manyan jirage ba su cika girgiza ba, don haka uzurin zama kaɗan ne.

Gano alƙibla yana bukatar dabara, domin ƙarfen jirgi yana rikita kamfas, har da na wayar hannu. Akwatin talabijin na ɗakin kwana yawanci yana da tasha mai nuna taswira da inda goshin jirgi ya dosa. Idan mutum ya san kusurwar alƙibla daga wurin da yake, sai ya auna ta daga goshin jirgin. Da asuba da magariba, mafitar rana da mafaɗarta sun isa jagora. Lokutan salla kuwa suna bin ranar wurin da jirgi yake, ba agogon jirgi ba, domin kyaftin yakan bar agogon a kan lokacin tashar da aka baro.

Nisan ƙasaru a mazhabar Malik mil 48 ne, wato kimanin kilomita 80, kuma ana yin sa a teku kamar yadda ake yi a tudu. Niyyar zaman kwana 4 a gari guda ce ke yanke shi, abin da ba ya cika faruwa a irin wannan tafiya. Haɗa salloli biyu saboda tafiya kuwa, sanannen ra'ayin Malikiyya ya taƙaita shi ga tudu, yayin da Shafi'iyya da Hanbaliyya suka yarda da shi a teku ma. Wanda ke cikin jirgi, ɗakinsa na kusa, ba shi da wahalar da za ta sa ya haɗa. Juma'a ba ta wajaba a kan matafiyi ba, amma idan jirgi ya tsaya a Istanbul ko Kasabalanka ranar Juma'a, sauka a bi jam'i ya fi.

Masu zuwa arewacin Norwe da bazara suna riskar kwanakin da rana ba ta faɗuwa. Malaman zamani sun ce a irin wannan wuri ana ƙiyasta lokaci da gari mafi kusa da ake samun dare da yini, wasu kuma suka ce da lokacin Makka. Ya kamata a tsayar da ra'ayi guda tun kafin a tashi.

Abinci, giya da caca

A mazhabar Malik duk dabbar teku halal ce, Hanafiyya kuwa sun taƙaita ga kifi. Nama shi ke da magana. Kamfanoni da dama suna tanadar abincin halal idan an nema makonni kafin tafiya, kuma gara a samu amsarsu a rubuce. Inda babu, kifi da ƙwai da ganye da hatsi sun wadatar. Ana zuba giya a wasu miya da kayan zaƙi, ana kuma soya abubuwa dabam-dabam a kasko ɗaya, saboda haka tambayar mai kula da teburi a daren farko tana raba gardama. An rawaito hani ga zama a teburin da ake zagayawa da giya, kuma jirage suna haɗa baƙi a teburi guda. Neman teburin iyali na dabam yana kawar da matsalar. Gidan caca a wasu jirage yana kan hanyar zuwa ɗakin cin abinci, sai mutum ya koyi wata hanyar ta wani hawa.

Jarrabawar da ba a cika lura da ita ba ita ce israfi. Abinci yana shimfiɗe dare da rana, kuɗinsa na cikin tikiti, sai ka ga faranti cike da nama da shinkafa da kek an ci kashi ɗaya cikin uku an ture. Biyan kuɗi bai halatta zubar da abinci ba, kuma hanin Suratul A'araf aya ta 31 bai ware abin da aka riga aka biya ba.

Zaɓin jirgi, hanya da ɗaki

Yawancin waɗannan matsaloli ana warware su ne ranar sayen tikiti. Gajerun tafiye-tafiyen ƙarshen mako daga Fulorida sun shahara da shaye-shaye da kiɗa, yayin da tafiyar Alaska ko ta mashigan ruwan Norwe ta fi jan iyalai da dattawa masu son kallon tsaunuka da ƙanƙara. Jiragen Kogin Nilu tsakanin Luksor da Aswan ƙanana ne, ba su da igiyar ruwa, ana kuma jin kiran salla daga gaɓa. A Disamban 2024 kamfanin Aroya na Saudiyya ya fara tashi daga Jidda da jirgin da babu giya babu caca, mai wuraren salla.

Ɗakin ciki marar taga shi ne mafi araha, amma mai shi ba ya ganin alfijir. Ɗaki mai baranda ya fi tsada, sai dai yana ba iyali damar shan iska da kallon teku ba tare da ratsa wurin iyo da ake cakuɗuwa cikin tsiraici ba. Mai saurin jiri ya zaɓi tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa, inda motsi ya fi sauƙi. Damunar guguwa a Tekun Atlantika tana kamawa daga Yuni zuwa Nuwamba. Kowace ƙasa da za a tsaya tana iya bukatar biza, kuma jirgi ba ya jiran wanda ya makara a gari.

Dukiya da haƙƙin wasu

Farashin da ake tallatawa ba shi ne jimla ba. Akwai kuɗin hidima da ake ƙarawa kullum a kan kowane fasinja, da na intanet, da na yawon gari, da tikitin jirgin sama zuwa tashar. Wanda ake bin sa bashin da lokacinsa ya yi, ko bai fitar da zakka ba, ko yana da halin sauke farali bai sauke ba, waɗannan sun riga hutu. Cin bashi mai ruwa don yawo haram ne a kan haram ɗin riba, ba tare da wata larura ba.

Ma'aikatan jirgi yawancinsu 'yan Filifin ne da Indonesiya da Indiya, suna yin watanni 6 zuwa 9 ba su ga iyalansu ba, suna aiki kowace rana. Kuɗin hidima wani babban kaso ne na abin da suke samu, don haka cire shi ba tare da dalili ba tauye haƙƙin ma'aikaci ne. Garuruwan da ake sauka su ma suna da haƙƙi. Italiya ta hana manyan jirage ratsa tsakiyar birnin Banis a 2021 saboda ɓarnar da suke yi wa gine-gine da ruwan birnin. Matafiyin da ya tsare sallarsa a lokacinta, ya tace abin da yake ci, ya fita da dukiyar da babu haƙƙin kowa a cikinta, ya kuma kyautata wa masu yi masa hidima da masu masaukinsa, tafiyarsa halal ce. Wanda ya san ba zai iya cika waɗannan sharuɗɗa a wani jirgi ba, sai ya sauya jirgin ko hanyar, ko ya nemi hutunsa a tudu.